Haɗa Ƙaramar Kwamfutar Wasa A Jega Da Aliero Da Maiyama: Wuta Da Zafi Da Ƙura Ke Da Ta Cewa

Tun daga shekarar 2006, lokacin da aka kafa jami'ar kimiyya da fasaha ta Jihar Kebbi a garin Aliero, irin kayan da direbobi ke saukewa a tashoshin motar wannan yanki ya fara canzawa. Jega dai tsohuwar kasuwa ce, tun cikin ƙarni na 19 fatake suka san ta. Aliero kuwa babu wanda bai san albasarta ba, ga kuma Maiyama a kan babbar hanyar da ta nufi Koko da Yawuri. Amma a yau, cikin saƙonnin da ke isowa daga Legas da Kano da Sakkwato, akan sami ƙananan kwalaye waɗanda nauyinsu bai kai na mudun gero ba, alhali kuwa kuɗin abin da ke cikinsu ya ɗara albashin ƙaramin ma'aikaci na watanni. Sassan kwamfuta ke nan, waɗanda samari ke saye ɗaya bayan ɗaya domin su haɗa na'urar wasa da hannunsu.

Wannan ba abin mamaki ba ne. Yaron da ya tashi yana biyan kuɗi a gidan gem don ya buga ƙwallon FIFA ko na PES a kan PlayStation, shi ne yau ya zama ɗalibin aikin injiniya ko na kimiyyar kwamfuta, ko kuwa ƙaramin ma'aikaci a sakatariyar ƙaramar hukuma. Sunayen wasannin ma sun canza, domin PES ya koma eFootball a 2021, FIFA kuma ya zama EA Sports FC a 2023, amma sha'awar tana nan yadda take. Sai dai yanzu saurayin yana son na'ura ɗaya wadda zai yi zanen darasinsa a kanta da safe, ya buga ƙwallo da ita da dare. Kuma yana son ta ƙarama, saboda ɗakin haya ba shi da fili, idan hutu ya zo kuwa a bayan babur ko a kan cinya cikin motar haya za ta koma gida.

To, inda gizo ke saƙar shi ne, galibin shawarwarin da zai ci karo da su a intanet an rubuta su ne a Amurka da Turai, a ɗakuna masu sanyi, inda wuta ba ta ƙiftawa. Mai ba da shawara a can yakan fara da tambayar wane wasa ake son bugawa, sa'an nan ya zaɓi sassa. Wanda ya bi wannan tsari a Jega ko Maiyama yana iya zuba dukiyarsa a kan na'urar da batirinsa ba zai ɗauka ba, ko wadda za ta riƙa kashe kanta da azahar a watan Afrilu. A nan wutar lantarki da zafin bazara da ƙurar hunturu su ne ke fara zaɓe, abin da suka bari shi ne mai wasa zai zaɓa a ciki.

Me Ake Nufi Da Ƙarama?

Girman kwamfutar tebur yana bin girman babban faifan da ake dasa sauran sassa a kansa, wanda masu gyara ke kira madabod. Tsarin da aka fi sani shi ne ATX, wanda kamfanin Intel ya fito da shi a 1995, tsawonsa santimita 30 da rabi, faɗinsa ya ɗan wuce 24. Akwai matsakaici, wato Micro-ATX. Sa'an nan a shekarar 2001 kamfanin VIA na ƙasar Taiwan ya kawo Mini-ITX, mai santimita 17 ta kowane gefe. A kan wannan ɗan faifai ne ake gina ƙananan kwamfutocin wasa.

Masu wannan sha'awa da lita suke auna akwatin kwamfuta, kamar yadda ake auna man fetur. Babban akwatin da aka saba gani yakan kai lita 40 ko fiye. Wanda bai kai lita 20 ba shi ake ce wa ƙarami, wato mai karatu ya ɗauka jarkar ruwa ce. Akwatin NR200 na kamfanin Cooler Master, wanda ya fito a 2020, lita 18 ne da ɗoriya. Terra na Fractal Design lita 10 ne da 'yan kai, akwai ma wani mai suna A4-SFX wanda bai wuce lita 7 da kaɗan ba. A cikin wannan ɗan wuri ne za a shigar da furosesa, wato ƙwaƙwalwar na'urar, da ƙarfen da ke shan zafinta, da ram, da ma'ajiyar SSD, da katin hoto wanda ke zana duk abin da ido ke gani a allo, da kuma akwatin raba wuta, wanda a bakin masu gyara ake kira fawa-fak.

Ƙanƙanta tana da farashinta. Faifan Mini-ITX gurbin ram biyu kawai yake da shi, gurbin kati kuwa ɗaya tak, kuma yakan fi babban faifai tsada. Fawa-fak ɗin da ke shiga yawancin waɗannan akwatuna shi ne ƙarami, samfurin SFX, wanda shi ma ya fi babba tsada da wuyar samu. Idan ya ƙone a Aliero, ba lalle ne a sami madadinsa a Birnin Kebbi ko Sakkwato a ranar ba.

Lissafin Wuta

Wutar da ke zuwa wannan yanki, wadda har gobe jama'a ke kira wutar Nepa, tana tasowa ne ta layin da ya fito daga Kainji zuwa Birnin Kebbi, kamfanin rarraba lantarki na Kaduna kuma shi ke da alhakin kai ta gidaje a jihohin Kaduna da Kebbi da Sakkwato da Zamfara. A shekarar 2024 kaɗai babban layin ƙasa ya durƙushe sau da dama. Janareta kuwa, tun da aka janye tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, ya zama abin da ake tayarwa da lissafi. Saboda haka mai kwamfutar wasa ko ya so ko ya ƙi, wata rana a kan batir da inbata zai dogara, ko nasa ko na gidan da yake haya.

Nan ne ya kamata ya ɗauki alƙalami kafin ya ɗauki kuɗi. Batir mai bol 12 da amfiya 200, irin wanda ake haɗawa da sola, yana riƙe da wutar da za ta ba da wat 2,400 na tsawon awa ɗaya. Amma idan na ruwa ne ko na dalma, ba a so a zuƙe fiye da rabinsa, in ba haka ba ba zai yi ƙarko ba. Saura 1,200 ke nan. Inbata ma tana cin nata kason wajen juya wutar, sai a ce abin da zai isa ga na'ura wajen 1,000 ne. Da wannan dubu ɗaya za a auna kowace kwamfuta.

A ɗauki furosesa Ryzen 5 5600G ta kamfanin AMD, wadda ta fito a 2021. An tsara ta a kan wat 65, kuma tana da sashen zana hoto a cikinta, don haka ba ta buƙatar kati. Na'urar da aka gina a kanta, har da allon kallo mai inci 24, ba ta cika wuce wat 130 ba lokacin wasa. Wannan batir zai riƙe ta fiye da awa bakwai. Idan aka ƙara katin RTX 4060 na kamfanin Nvidia, wanda ya fito a 2023 yana cin wat 115, jimlar za ta doshi 280, awoyin kuma su koma uku da rabi. Wanda ya gaje shi a 2025, RTX 5060, wat 145 yake ci. Shi kuwa babban kati irin RTX 4090, wanda ake yawan nunawa a faya-fayen bidiyo, shi kaɗai wat 450 yake sha. Da shi da sauran sassa batirin ba zai ga awa biyu ba, ballantana a kunna fanka a ɗakin.

Wannan lissafi shi ne ke raba mafarki da gaskiya. Ga mai buga ƙwallo da tseren mota da tsofaffin wasanni irin su GTA V, wanda ya zo kan kwamfuta a 2015, matakin farko ya wadatar idan an rage ƙawar hoto. Na biyu kuwa yana buga kusan komai da kyau a allo mai layi 1,080. Abin da ya wuce nan, sai mai gidan da ya jera faifan sola a rufinsa.

Akwai kuma irin wutar da inbata ke fitarwa. Masu araha da yawa wutarsu ba ta tafiya sumul kamar ta Nepa, fawa-fak na zamani kuma yakan yi ƙara da ita, ko ya ɗauke gaba ɗaya. Sai a nemi inbata ko UPS mai tsabtatacciyar wuta, a kuma sa sitabilaiza idan wutar unguwa mai hawa da sauka ce. Da damina, idan hadari ya taso da tsawa, a zare filogi daga bango, kashe makunni kaɗai bai isa ba. Fawa-fak ɗin kansa shi ne sashen da bai kamata a yi masa rowa ba, domin idan ya lalace yakan tafi da madabod da kati a lokaci guda. Mai wat 450 zuwa 550 daga sanannen kamfani, mai shaidar 80 Plus, ya ishi na'urorin da aka ambata. Wanda aka rubuta wa wat 800 a jiki alhali ba shi da suna, ga shi kuma ba nauyi kamar gwangwanin da aka shanye, a bar wa mai shago kayansa.

Zafin Bazara

Duk wat ɗin da kwamfuta ta ci, zafi yake komawa. Na'ura mai cin wat 250 daidai take da ƙwan lantarki irin na da, mai wat 60, guda huɗu, an kulle su cikin jarka an kunna. Aikin fanka da ƙarfen shan zafi shi ne su kwashe wannan zafin su miƙa wa iskar ɗaki. Iskar ɗaki kuwa ba ta karɓa sai gwargwadon sanyinta.

Masu gwada sassan kwamfuta a ƙasashen waje sukan yi gwajinsu ne a ɗaki mai zafin digiri 21 zuwa 25. A nan kuwa, daga watan Maris zuwa Mayu zafin rana yakan haura digiri 40, ɗakin da aka rufa da kwano ba tare da silin kirki ba kuma yakan riƙe wannan zafi har bayan magariba. Bambancin ya kai digiri 15 ko fiye, kuma yana hawa kai tsaye a kan abin da furosesa za ta nuna. Wato idan mai gwaji a Jamus ya ce furosesarsa ta tsaya a digiri 75 cikin wani ɗan akwati, to a Maiyama cikin Afrilu a sa ran ganin 90. Iyakar furosesa irin 5600G digiri 95 ne, na Intel da yawa kuma 100. Da ta kusanci iyakar sai ta rage gudu don ta ceci kanta, hoto ya fara tsalle-tsalle a tsakiyar wasa, in abin ya ƙi kuma ta kashe kanta. Mutum ya biya kuɗin doki, ya tashi da tafiyar jaki.

Manomin albasa a Aliero ba sai an yi masa dogon bayani a kan wannan ba. Ya san idan aka jibge albasa inda iska ba ta ratsawa, kafin farashi ya tashi ta ruɓe, shi ya sa yake ɗaga ta daga ƙasa ya bar mata hanyar iska ta ƙasa da ta gefe. Haka akwatin kwamfuta yake. Waɗanda ke wajen lita 10 ko ƙasa da haka suna da kyan gani ƙwarai, amma ƙarfen shan zafin da ke shiga cikinsu gajere ne. A cikin Terra, alal misali, tsayinsa ba zai wuce milimita 77 ba, alhali NR200 yana ɗaukar mai milimita 155, ga kuma wuraren ɗaura manyan fankoki sama da ƙasa. Saboda haka a wannan yanki akwati mai lita 15 zuwa 20, mai ramuka ta kowane gefe, shi ne daidai. Yana shiga jakar goyo babba, yana kuma numfashi. Murfin gilashi da ake yayi don a ga fitilu masu launi a ciki, bango ne da iska ba ta wucewa, gara murfin raga.

Wasu kan yi sha'awar sanyaya furosesa da ruwa, irin mai famfo da lagireto kamar na mota. Yana aiki, babu shakka. Sai dai ranar da famfon ya tsaya na'urar ta tsaya ke nan sai an aiko da wani daga Legas, alhali fankar ƙarfen shan zafi idan ta mutu, kowane mai gyara zai iya ɗaura wata.

Ƙura kuwa daga Disamba zuwa Fabrairu take cin kasuwarta. Takan toshe tsakanin haƙoran ƙarfen shan zafi, ta zama bargo, ta yadda idan bazara ta shigo za ta tarar da na'urar a shaƙe. Maganinta shi ne a sa raga mai tace ƙura a inda iska ke shiga, a kuma sa fankokin da ke jawo iska su fi masu fitarwa yawa, don kada ƙura ta riƙa kutsawa ta kowace kafa. Kada a ajiye akwatin a ƙasa, a ɗora shi kan tebur, a lulluɓe shi da ƙyalle idan an kashe ya huce.

Kuɗi Da Kasuwa

Babu ko ɗaya daga cikin sassan nan da ake ƙerawa a ƙasar nan, da Dala ake shigo da su. Kafin watan Yuni na 2023 Dala ɗaya a hukumance wajen Naira 460 take, zuwa Fabrairun 2024 ta haura 1,500. An fito da RTX 4060 a kan Dala 299. Idan aka lissafa a kan 1,500, wajen Naira 450,000 ke nan, tun kafin kuɗin jirgi da ribar ɗan kasuwa. Mafi ƙarancin albashi na ƙasa da aka sa wa hannu a Yulin 2024 Naira 70,000 ne. Kati ɗaya ya cinye albashin wata shida ya shiga na bakwai. Bugu da ƙari, daga ƙarshen shekarar 2025 farashin ram ya yi tashin gwauron zabo a duniya baki ɗaya, saboda manyan kamfanonin ƙirƙirarriyar basira sun wawure abin da masana'antu ke fitarwa.

Ganin haka ya sa galibin masu haɗawa ke komawa ga kayan hannu, daga kasuwar kwamfuta ta Ikeja a Legas, ko titin Beirut da kasuwar Farm Centre a Kano. Ɗan Jega ba a koya masa ciniki, amma wannan haja tana da nata sirrin. A watan Satumban 2022 tsarin kuɗin kirifto na Ethereum ya daina amfani da katin hoto wajen haƙa, sai katunan da suka shekara da shekaru suna aiki dare da rana suka malalo kasuwannin duniya, musamman irin su RX 580 na 2017. Wasu lafiyarsu ƙalau, wasu fankokinsu sun gaji, kuma shi RX 580 wat 185 yake ci, ya fi 4060 shan wuta alhali bai kama ƙafarsa a ƙarfi ba. Akwai ma tsofaffin katunan da ake canza wa suna su riƙa nuna na sabo. Manhajar GPU-Z, wadda kyauta ce, tana tona asirin irin waɗannan. Wanda ya je da ƙafarsa ya sa a kunna masa wasa na rabin awa kafin ya biya. Wanda za a aiko wa ta mota kuwa ya nemi a gwada a nuna masa a bidiyo, a rubuta lambar jikin kayan a rasit, a kuma yi yarjejeniyar kwanakin mayarwa tun kafin kuɗi su bar hannunsa.

Akwai wata gajeriyar hanya wadda ta fi dacewa da aljihun ɗalibi, ko da yake masu alfahari da sana'ar sukan raina ta. Ita ce a sayi tsohuwar kwamfutar ofis ƙarama, irin Dell OptiPlex ko HP EliteDesk ko Lenovo ThinkCentre, waɗanda ke shigowa da yawa daga Turai da Amurka. Akwatinsu wajen lita 8 ne, sun zo da furosesa da fawa-fak da komai. Sai a ƙara ram, a sa SSD, a dasa gajeren kati wanda ba ya cin fiye da wat 75 ɗin da gurbin madabod ke bayarwa, kamar GTX 1650 ko RX 6400 ko RTX 3050 mai gigabait 6. Fawa-fak ɗinsu ƙarami ne, yawanci wat 200 da wani abu, kuma filoginsa na kamfanin ne kaɗai, don haka nan tafiyar ta tsaya, ba a ƙara mata babban kati nan gaba. A kuma duba shekarunta: Microsoft ya daina kula da Windows 10 ranar 14 ga Oktoba, 2025, Windows 11 kuwa tana neman furosesar Intel daga zubi na 8 zuwa sama, wato OptiPlex 3060 ko 5060 ko 7060 da waɗanda suka biyo bayansu. Tsofaffin da suka fito daga Amurka wasunsu na da ɗan jan makunni a baya mai lamba 115 da 230. Wutar ƙasar nan bol 230 ce, wanda ya jona tana kan 115 ƙara ɗaya zai ji, sai hayaƙi.

Bayan sassa akwai kuɗin data, wanda mutane kan manta. Wasan ƙwallo na EA yana neman wajen gigabait 100 a ma'ajiya, ga shi a Janairun 2025 hukumar sadarwa ta amince wa kamfanoni ƙarin kashi 50 cikin 100. Wasa da abokan hamayya ta intanet kuma yana da jinkirin da babu katin da zai gyara, domin na'urorin da ke haɗa 'yan wasa galibi a Turai ko Afirka ta Kudu suke.

Uban da ɗansa ya zo masa da wannan buƙata yana da hujjar yin ɗari-ɗari. Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta sa jarabar wasan gem cikin jerin cututtukan da ta amince da shi a 2019, kuma babu malamin da bai san ɗalibin da ya kwana yana wasa ya zo jarrabawa yana gyangyaɗi ba. Amma a yi wa na'urar adalci. Ram da katin da ke ɗaukar wasa su ne ke ɗaukar AutoCAD da MATLAB da sauran manhajojin da ɗalibin injiniya ke buƙata. Kwamfutar cinya mai irin wannan ƙarfi kuwa ta fi saurin ɗaukar zafi, idan katinta ya mutu kuma a jikin faifai yake, ba ya ciruwa. Ta tebur sashen da ya lalace kaɗai ake canzawa, kuma yaron da ya haɗa ta da hannunsa shi ne zai gane wanne ne.

Ranar Haɗawa

Kafin a sayi komai sai an tabbatar sassan za su zauna da juna. Furosesa da madabod dole gurbinsu ya zama ɗaya: 5600G a gurbin AM4 take zama, da ram samfurin DDR4, alhali gurbin AM5 na 2022 DDR5 kaɗai yake karɓa. Tsohon madabod irin B450 wani lokaci sai an sabunta masa manhajar cikinsa kafin ya gane 5600G, a tambayi mai sayarwa. Ryzen 5 5600 marar harafin G, da furosesar Intel mai harafin F a ƙarshe, ba sa nuna hoto sai da kati. Ram kuwa a sayi biyu masu gigabait 8 maimakon ɗaya mai 16, domin sashen hoton da ke cikin furosesa yana samun ƙarin gudu sosai idan su biyu ne. Sa'an nan a ɗauki awo: tsawon kati da kaurinsa, da tsayin ƙarfen shan zafi, a gwada da abin da kamfanin akwati ya rubuta. A ƙaramin akwati milimita biyar kan hana murfi rufuwa.

Kayan aikin ba su da yawa, sukudireba mai baki huɗu da tebur mai tsabta da haske. Idan lokacin hunturu ne a yi hattara, domin ɗan tartsatsin nan da mutum kan ji idan ya taɓa ƙofar mota ko bargo ya isa ya kashe sashe. A tsaya ba takalmin roba, a riƙa taɓa ƙarfe kafin a ɗauki kowane abu, a kuma riƙe sassa ta gefensu.

Ana fara aikin ne a waje, a ɗora madabod a kan kwalinsa. Furosesa tana da ɗan alamar kusurwa uku a gefe ɗaya, gurbinta ma haka, idan sun dace da kanta take faɗawa. Ta AM4 ƙafafuwanta sirara ne kamar gashi, wanda ya danna da ƙarfi ya lanƙwasa su sai ya nemi mai haƙuri irin na masu ɗorin Aliero. Daga nan a sa ram har a ji ƙas, a ɗaura SSD, a ɗiga man sanyaya kamar ƙwayar wake a bayan furosesa, a ɓare ledar da ke ƙasan ƙarfen shan zafi, a ɗaure shi kusurwa da kusurwa. Wannan leda ta sha jefa sababbin masu haɗawa cikin ruɗani, ana ta neman dalilin zafi alhali ita ce a tsakani. Kafin a shigar da komai cikin akwati a jona fawa-fak da allo a gwada. Idan hoto ya fito sai a ci gaba, in bai fito ba gyara ya fi sauƙi a fili.

A cikin akwati kuwa wayoyi ake fara shimfiɗawa, musamman mai baki 8 na furosesa, domin bayan an ɗaure faifai yatsa ba ya isa wurin. Sai mai baki 24, da siraran wayoyin makunni, a ɗaure su gefe kada su tare iska ko su taɓa fanka. Kati shi ne na ƙarshe. Wayar allon kallo kuma a jikin katin ake jona ta, ba a jikin madabod ba. Wayoyin fawa-fak na wani kamfani ba a sa su a na wani ko da bakinsu ya shiga, tsarin cikinsu ya bambanta.

Gwajin gaskiya ba da asuba ake yin sa ba. A bari sai rana ta take, a rufe akwati, a kunna wasa mafi nauyi na awa ɗaya, a buɗe manhajar HWMonitor a ga abin da take nunawa. Idan furosesa ta haura digiri 85, ko kati ya wuce 80, a shiga saitin madabod a mai da furosesar daga wat 65 zuwa 45, a rage wutar kati zuwa kashi 80 cikin 100 da manhajar MSI Afterburner, a kuma ƙayyade hoto a kan 60 cikin daƙiƙa, tun da yawancin allunan da ake samu nan iyakarsu ke nan. Abin da za a rasa na gudu kaɗan ne, batir kuma zai ƙara daɗewa. Da hunturu a wanke ragar ƙura kowane mako biyu, a buɗe akwatin sau ɗaya a wata a hure shi da bulowa, ana riƙe da fukafukan fanka don kada su juya. Ranar tafiya hutu kuwa, ko Maiyama za a nufa ko Yawuri, a cire katin a mai da shi kwalinsa, domin nauyinsa a kan gurbi ɗaya yake rataye, girgizar babur kuma tana iya tsaga gurbin.